Itacen Da Irinsa Ba Ya Shiga Rumbu

A wannan karo ina so in ba ku labarin wani itace wanda ba ya fita a ƙasarmu, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa zama a inuwarsa a cikinmu. Wani zai ce, to me ya haɗa mu da shi? Dalilina shi ne itacen nan yana cikin wani hali mai ban mamaki. Manyansa suna nan tsaye, ganye shar, suna ta zubar da 'ya'ya, amma masana sun ce an yi shekara 100 ko fiye ƙanana ba su tashi sun maye gurbin iyayensu ba. Garin da babu yara kuwa, ko da tsofaffinsa suna da ƙoshin lafiya, kowa ya san inda ya nufa.

Turawan Ingila suna kiran dangin wannan itace ok, Larabawa kuma suna ce masa ballut. Tun da yake ba shi da suna a Hausa, zan ari na Turawa. Dangi ne babba ƙwarai, gama akwai irinsa kamar 430 a duniya, galibinsu a Amurka da Turai da Asiya. A nahiyarmu sai can arewa ake samunsa, watau Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Katakonsa yana da ƙarfi da ƙarko, da shi Turawan da suka riƙa sassaƙa jiragen ruwa. Akwai kuma wani iri wanda ake ɓare ɓawonsa a yi toshiyar kwalba, Fotugal ce kan gaba wajen wannan sana'a. Abin da ya haɗa su duka shi ne 'ya'yansu. Kowane ok yakan yi ƙwallo mai santsi, da 'yar hula a kansa kamar an kifa masa tagiya.

A shekarar 2020 masana itatuwa suka fitar da wani rahoto a kan dukan dangin, suka ce kashi 31 cikin 100 na ire-irensa suna cikin haɗarin ƙarewa. Ƙasar Sin da Meksiko su suka fi yawan waɗanda ke cikin wannan haɗari. Ita Meksiko dama ta fi kowace ƙasa yawan ire-iren ok, tana da fiye da 160. Ɗaya daga cikinsu zan ɗauka in yi magana a kai.

In ka duba taswirar Meksiko, ta yamma za ka ga wani dogon zirin ƙasa ya miƙa cikin teku kamar yatsa, tsawonsa ya fi kilomita 1,200. Sunansa Baha Kalifoniya. Yawancinsa hamada ce. Birnin La Paz, hedkwatar jihar da ke kudancin zirin, ba ya samun ruwan sama milimita 200 a shekara, watau bai kai sulusin abin da Kano ke samu ba. Can kusa da ƙarshen yatsan akwai duwatsu da ake kira Siyera de la Laguna, waɗanda tsayinsu ya kai mita 2,000, kuma gwamnatin ƙasar ta mai da su wurin da aka keɓe don kare halittu a 1994. Daga duwatsun nan koramu suke gangarowa. Kusan duk shekara a bushe suke, yashi ne kawai da duwatsu, sai wajen watan Agusta da Satumba in guguwar teku ta kawo ruwa, su cika su yi ta ambaliya na 'yan kwanaki, sa'an nan su janye. Amma ƙarƙashin yashin akwai laima, kamar dai yadda mutanenmu ke tona yashin rafi da rani su ɗebi ruwa.

To, a bakin waɗannan koramu itacen da nake magana yake fita, kuma duk faɗin duniya ba ya fita da kansa a ko'ina sai nan. Mutanen wurin suna kiransa ensino aroyero, ma'anarsa ok na korama. Masana kuma sun sa masa suna Quercus brandegeei a 1916, don tunawa da wani Ba'amurke masanin tsirrai mai suna Brandegee wanda ya yi yawon bincike a wannan yanki. Itace ne mai faɗin kai, ba ya kaɗe ganyensa da rani, ƙwallonsa dogo ne siriri, ba shi da ɗaci irin na sauran danginsa. Ɗan'uwansa na kusa yana can jihar Tekzas ta Amurka da arewa maso gabashin Meksiko, kuma binciken masana ya nuna sun rabu da juna kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, lokacin da teku ya tsaga zirin nan daga sauran ƙasa. Ka ga ke nan ya daɗe yana fama da fari da ambaliya bai gaza ba.

Me ya same shi yanzu? Da aka fara lura da rashin ƙanana, wasu sun zaci ko ƙwallon ne ya daina tsira. Aka gwada, aka ga yana tsira sarai. Wata masaniya mai suna Silvia Alvarez-Clare, ta lambun itatuwa na Morton da ke kusa da Shikago a Amurka, ta haɗa kai da masanan Meksiko na wata cibiyar bincike a La Paz, suka yi wani gwaji mai sauƙi wanda ko mu a gonar makaranta muna iya yinsa. Suka kewaye wasu wurare da waya, suka bar wasu a buɗe, suka zuba ido. A cikin shinge tsirrai suka rayu, a waje kuwa aka cinye su. Ashe ɓarawon yana gida. Aladu suna tsince ƙwallon tun yana ƙasa, wanda ya tsere musu ya tsira sai awaki su ƙwamushe ganyen, wanda ya rage kuma shanu su tattake shi, domin gindin itacen nan shi ne wurin hutawarsu in rana ta take. Ga kuma fari yana ƙara tsanani, shekarun da ruwa ke wadata har ƙaramin tsiro ya kama ƙasa suna ƙara nisa da juna.

Da na karanta wannan sai gonakinmu suka faɗo mini a rai. Duk wanda ya ratsa karkara ya ga manyan kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar gonaki. Amma ka tsaya ka ƙirga 'yan ƙanana masu tsayin mutum, ka ga nawa za ka samu.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta fi ba ni sha'awa. Tun da ƙwallon yana da kyau, me zai hana a tara shi buhu-buhu a adana har ranar da hali ya yi? Ai haka ake yi da sauran tsirrai. A Ingila akwai wani babban rumbun ajiyar iri na lambun Kew wanda aka buɗe a shekarar 2000, a Norwe kuma akwai wani cikin dutsen ƙanƙara na Svalbard wanda aka buɗe a 2008. Yadda suke yi shi ne a busar da iri sai ruwan jikinsa ya koma kamar kashi 5 cikin 100, a zuba a kwalba ko a jaka a like, a sa a ɗaki mai sanyin digiri 18 ko 20 ƙasa da sifiri. Iri kamar gero da dawa da wake, in an yi musu haka, sai su yi barci shekara da shekaru, ranar da aka fito da su aka ba su ruwa su farka su tsira. Kakanninmu ma sun san rabin wannan ilmi, shi ya sa ba a zuba hatsi a rumbu sai ya bushe ƙayau.

Ƙwallon ok bai san wannan barci ba. Tun daga ranar da ya faɗo daga uwarsa yana raye ne, yana numfashi, jikinsa cike da ruwa. In ka shanya shi, da ruwan ya ragu ƙwarai sai ɗan tsiron da ke ciki ya mutu, ko da kuwa ɓawon yana nan sumul kamar ba abin da ya faru. In kuma ka ce to bari in sa shi cikin ƙanƙara da ruwansa, sai ruwan ya daskare ya zama 'yan tsinin allurai, su farfasa ƙwayoyin halittar da ke ciki. Bushewa mutuwa, daskarewa mutuwa. Wani masani Bature mai suna Roberts shi ya rarrabe irin waɗannan 'ya'yan itatuwa a 1973, ya ba su wani suna mai ma'anar masu taurin kai.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Dubi goro. Ba mai shanya goro a rana. Fatake suna lulluɓe shi da ganye cikin huhu, suna yayyafa masa ruwa, suna buɗewa suna tsince wanda ya lalace, domin sun san in ya bushe ya tashi daga aiki. Ƙwallon kaɗanya da na mangwaro su ma haka suke, wanda ya kwana biyu a rana ba ya tsira. To ƙwallon ok ɗan gidansu ne. In an lallaɓa shi cikin sanyi da laima zai yi 'yan watanni, amma ba a maganar shekaru masu yawa. Akwai wata dabara ta zamani, a ciro ɗan tsiron da ke cikin ƙwallon a tsoma shi cikin wani ruwan iska mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, wanda ke daskarar da shi farat ɗaya kafin alluran ƙanƙara su fito. Sai dai aiki ne mai tsada, yana bukatar gwanaye, kuma kowane irin ok da yadda yake karɓarsa.

Saboda haka wanda ke son ajiye ok, dole ya ajiye shi a tsaye, da saiwarsa da ganyensa. Wannan ne ya sa manyan lambunan itatuwa suka shiga aikin. Shi lambun Morton, wanda wani attajiri mai sana'ar gishiri ya kafa a 1922, shi ke jagorantar wata haɗakar lambuna ta duniya don kare dangin ok. Sukan karɓo ƙwallo daga daji su rarraba wa lambuna a wurare dabam-dabam, don in gobara ko cuta ta faɗa wa wani, wani ya tsira.

A ganina wannan hanya tana da amfani, amma ba ta isa ba, ga kuwa dalili. Na farko, itace ba hatsi ba ne. Kwalba ɗaya tana ɗaukar irin gero dubbai, amma ok 50 sai fili mai faɗi, da mai ban ruwa, da mai gadi, har tsawon rayuwar mutum biyu ko uku. Na biyu kuma, iska ce ke ɗaukar ƙurar furen ok daga wannan itace zuwa wancan, kuma dangin nan ba su da kunyar juna. In ka dasa ok na korama kusa da wani ɗan'uwansa a lambu, ƙwallon da zai zubar yana iya fitowa ruwa biyu, ba shi ba ne, ba wancan ba ne. Ga shi kuma itace guda ba ya wadatar da kansa, galibi sai da ƙurar wani. Akwai abin da ya faru a Tekzas da ke nuna haka. Wani irin ok mai suna Quercus tardifolia, an ɗauka ya ƙare tun 2011. A watan Mayu na 2022 masu bincike suka yi kiciɓis da guda ɗaya a gandun dajin Big Bend, tsayinsa kamar mita 9, wuta ta ƙone masa jiki, cuta kuma ta kama shi. An yi murna ƙwarai, amma murna ce da fargaba, don raya zuriya daga itace ɗaya mai jinya ba ƙaramin aiki ba ne. Ok na korama bai kai wannan hali ba tukuna, abin da ake gudu ke nan.

To, sai a koma bakin korama, wurin masu dabbobin. Wani mai gaggawa zai ce a kafa doka a kori dabbobi daga dajin. Amma dabbobin nan ba jiya suka zo ba. Tun 1697 da limaman Kirista daga Turai suka kafa zangonsu na farko a Loreto aka fara shigo da shanu da awaki wannan ƙasa, kuma daga nan zuriyar makiyayan wurin ta samo asali. Mutane ne masu ƙaramin ƙarfi, rugagensu a warwatse cikin duwatsu, abincinsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu duk daga nono da cuku da nama da fata suke fitowa. In ka ce da mutum ya zaɓa tsakanin akuyarsa da itace, ai ka san abin da zai zaɓa, ni ma kuwa ban ga laifinsa ba. Kuma su ma suna son itacen, domin shi ke ba dabbobinsu inuwa da abinci.

Abin da masanan suka yi ya burge ni. Suka zauna da makiyayan suka nuna musu abin da shingen waya ya bayyana. Aka kafa wurin renon dashe, aka ce kowane gida ya ɗauki 'yan itatuwa riƙo, kamar yadda ake ɗaukar ɗan riƙo, ya dasa a cikin lambunsa ko wani wuri mai shinge, ya riƙa ba su ruwa yana duba lafiyarsu. Aka kuma fara wani biki na itacen a ƙauyen San Diyonisiyo, inda ake kawo abincin da aka yi da garin ƙwallon, har da wani abin sha mai kauri kamar kununmu. Hikimar a fili take. Matar da ta sayar da kunun ƙwallo ta sami kuɗi, ba sai an yi mata wa'azi a kan amfanin itacen ba.

Bari in faɗi yadda ake renonsa, don 'yan ƙungiyar manoma ta makaranta za su ga da yawa daga cikin dabarun sun yi daidai da namu itatuwan. Ana tsintar ƙwallo ne da zarar ya nuna ya fara zuba, kafin aladu su riga mutum. Ba a tara shi daga uwa ɗaya, ko da ita ce ta fi kowa 'ya'ya. Sai a bi koramu dabam-dabam a ɗebi kaɗan-kaɗan daga iyaye masu yawa, a rubuta inda aka samo kowanne. Dalili kuwa shi ne halin itatuwa ya bambanta kamar na mutane, wani ya fi jure fari, wani ya fi jure cuta, kuma ba wanda ya san wanne za a bukata nan gaba.

Da an kawo shi gida sai a cire hular a zuba shi cikin bokitin ruwa. Wanda ya nutse mai kyau ne. Wanda ya taso sama galibi ya bushe, ko kuwa tsutsa ta cinye cikinsa, gama akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke huda ƙwallon tun yana ɗanye ya saka ƙwai a ciki. In ka ga 'yar ƙofa kamar ta allura a jikin ɓawon, tsutsar ta riga ta ci ta fita. Masu kyan kuma ba a barinsu a rana ko na yini ɗaya. In ba a shirya shuka ba, a sa su cikin yashi mai laima a inuwa. Wasu ire-iren ok na ƙasashen sanyi sai sun sha sanyin hunturu kafin su tsira, amma na korama ba ya jira, wani ma tun yana cikin buhu yake fasa baki.

Wajen shuka, a kwantar da ƙwallon a gefensa, a rufe da ƙasa kamar kaurin yatsa biyu. A nan ne mai reno ke bukatar haƙuri, don zai yi kwanaki yana ban ruwa bai ga kome a sama ba. Aikin yana ƙasa. Ok yakan fara tura uwar saiwa ne can ƙasa neman laima kafin ya fid da ganye ko ɗaya, kuma a dangin na korama saiwar takan kumbura kamar ƙaramin rogo, ta zama rumbun abinci da ruwa, har in akuya ta cinye kan, wani lokaci ya sake tohowa. Don haka ba a shuka shi a gajeriyar leda. In uwar saiwa ta taɓa gindin leda sai ta nannaɗe kamar gammo, itacen kuwa ba zai ƙara yin ƙarfi ba ko bayan an dasa shi. Doguwar leda ake nema, ko dogon bututu. A kuma rufe wurin da ragar waya, don ɓeraye da tsuntsaye su ma suna son ƙwallon.

In dashe ya yi ƙwari sai a riƙa rage masa inuwa da ruwa sannu a hankali, don ya saba da wahalar da zai tarar a waje. Lokacin dasawa shi ne farkon ruwa, wurin kuwa inda laima take kusa, amma ba tsakiyar korama ba inda ambaliya za ta tafi da shi. Sa'an nan shinge. Wannan shi ne mafi tsada a cikin aikin duka, kuma shi ne wanda in aka yi sakaci da shi sauran wahalar ta tashi a banza. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara uku kafin mai ita ya gama karin kumallo. Dole shingen ya yi ƙarfin da saniya ba za ta ture shi ba, ya yi ƙanƙantar ido yadda ɗan akuya ba zai zura kai ba, ƙasansa kuma a binne don alade mai tono ne.

Ba a cire shingen sai kan itacen ya wuce inda bakin saniya ke kaiwa, gangar jikinsa kuma ta yi kaurin da ko an goga ba za ta karye ba. A busasshiyar ƙasa irin wannan, shekaru ne masu dama, kuma cikin rani biyu ko uku na farko sai an riƙa ɗauko ruwa ana kai masa. Yawancin dangin ok sukan yi shekara 20 ko fiye kafin su fara zubar da ƙwallo sosai. Watau makiyayin da ya karɓi dashe yana da shekara 60, jikokinsa ne za su tsinci 'ya'yan. Su kuma 'ya'yan, in sun zuba, sai an sake kare su daga aladu kamar yadda aka kare iyayensu.